Burodin Kinuwa Da Zuma: A Daina Zargin Hannun Mai Gashi

Akwai wani zalunci da ake yi a cikin gidaje wanda ban taɓa jin an kai ƙararsa ko'ina ba, shi ya sa na ce bari in tsaya masa da alƙalami. Mutum zai ji labarin wata ƙwaya wai ita kinuwa, ya je babban kanti ya sayo 'yar ƙaramar leda da kuɗin da zai ciyar da gida shinkafa na kwanaki, ya nemo zumar da mai sayarwa ya rantse masa ba ta taɓa haɗuwa da sukari ba, ya kwaɓa, ya rufe da tsumma, ya zauna jiran tashi. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, kwaɓi na nan inda aka bar shi, ko motsi babu. A ƙarshe a tura shi obin a haka don kada dukiya ta salwanta, ya fito baƙi ƙirin a waje, ɗanye a ciki, da nauyin tubali. Sai mutanen gida su buɗe baki: wance ba ta da hannu, wane ya bar abin da ya iya ya shiga sharo ba shanu. Ni kuwa ina cewa hannu ba shi da laifi. Burodi mai tashi aikin alkama ne. An ɗora shi a kan kinuwa, wadda ba ta taɓa cewa za ta iya ba, sannan aka gayyato zuma ta ƙara dagula lissafi.

A fara da asalin mutuniyar. Gero da dawa da shinkafa da alkama duk 'yan gidan ciyawa ne, amma kinuwa ba ta cikinsu. Masana tsirrai gida ɗaya suka sa ta da alayyafo. Wato duk wanda ya ƙuduri yin burodin kinuwa zalla ya ƙuduri yin burodi da irin 'yar'uwar alayyafo, sai dai da yake ledar daga waje ta zo, ba wanda ya yi dariya. Asalin kinuwa duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka, musamman kewayen tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya, wajen mita 3,800 sama da teku, inda sanyi da iska ke hana yawancin amfanin gona sakat. Mutanen Kecuwa da Aimara sun shafe dubban shekaru suna noma ta, kuma su ne shaiduna mafi ƙarfi da nake da su. Suna zuba ta a miya. Suna dama ta da madara da cuku su yi wani fate da suke kira peske. Suna curin garinta ƙanana-ƙanana su turara, su kira shi kispinya, su tafi da shi gona ko tafiya. Har abin sha suna yi da ita. Burodin nan mai kumburi da ake yankawa a shafa bota kuwa sai da Sifaniyawa suka kawo alkama a ƙarni na 16, kuma har gobe marraketa, burodin da mutanen birnin La Paz ke karyawa da shi, na alkama ne. Masu abu sun zauna da abinsu tun kafin daular Inka ba su nemi ya tashi ba, sai mu da muka san shi shekaranjiya.

Abin da ya ruɗe mu takardun yabo ne, kuma ba na ƙarya ba ne. A 1993 hukumar NASA ta Amurka ta fitar da rahoto kan yiwuwar noma kinuwa don ciyar da 'yan sama jannati a doguwar tafiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata shekarar 2013 sukutum, aka naɗa Evo Morales, shugaban Bolibiya na lokacin, jakadanta na musamman. Tsakanin 2006 da 2013 farashinta ya ninka kusan sau uku. Wanda ya ga wannan tarin girma dole ya ɗauka ba abin da zai gagare ta. To amma a duba takardun da kyau: an yabi furotin ɗinta, an yabi juriyarta ga fari da sanyi da ƙasa mai gishiri. Babu inda aka ce tana riƙe iska.

Riƙe iska kuwa shi ne burodi. Yis yana cin sukarin da ke cikin kwaɓi, yana fitar da iska, kuma bai damu da irin garin da aka zuba shi ciki ba. Ko a kwaɓin kinuwa aikinsa yake yi tsakaninsa da Allah. Bambancin yana wajen wanda zai tare iskar. A cikin alkama akwai wasu furotin iri biyu waɗanda in sun sha ruwa aka murza su sai su harɗe su zama danƙo, shi ne gulutin. Wannan danƙon ne ke miƙewa bai tsinke ba, ya kama iskar a dubban 'yan ƙananan aljihu, kwaɓi ya kumbura, wuta ta zo ta ƙafe shi a haka. Kinuwa ba ta da gulutin ko ƙwayar zarra. Saboda haka mai gashin da ya tsaya yana murza kwaɓinta rabin awa, gumi na zuba, kafaɗa na ciwo, yana jiran ya ji ya fara danƙo a hannu, motsa jiki kawai ya yi, kuma Allah ya ba shi lada. Iskar da yis ya sha wahalar haɗawa ta bi ta saman kwaɓi ta tafi abinta. Ai ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu: ba a banza gurasa da alkaki da funkaso suka zama na alkama ba, waina da sinasir kuma aka bar su ruwa-ruwa a tanda da kasko, ba wanda ya ce su miƙe tsaye a gwangwani.

Kafin ma a kai ga murza akwai maganar ɗaci. Allah ya lulluɓe ƙwayar kinuwa da wani sinadari, safonin, mai ɗaci da kumfa, wanda ke korar tsuntsaye daga gona. Kumfar ba ta wasa ba ce, don a Andis har wanki ake yi da ruwan da aka wanke ta. Yawancin wadda ake sayarwa a leda an riga an goge ta ko an wanke, amma wanda ya dogara da wannan alkawari wani lokaci bakinsa ne ke ba shi labari. Sai a ce to a ɗauraye. Ƙwayar kuwa wajen milimita biyu ce kawai, rariyar da ke yawancin kicin kuma don shinkafa da taliya aka ƙera ta, don haka wani kaso na dukiyar yana bin ruwa ya gangara kwata, mai ita na tsaye yana kallo. Wanda ya sayi garinta kai tsaye ya tsira daga rariya, amma bai tsira daga wani ƙamshin ɗanyar ciyawa da ɗan ɗaci-ɗaci da ke biyo baya ba, sai fa in ya fara soya garin sama-sama a busasshen kasko.

A nan zuma ke shigowa, da kyakkyawar niyya, don ta rufe asirin ɗaci. Ba ni da ja da zuma, waraka ce, amma a cikin obin tana da halinta. Sukarin da ya fi yawa a cikinta irin wanda ake kira furuktos ne, shi kuwa yana fara ƙonewa ya yi ja tun wajen digiri 110, alhali sukarin shayi sai ya kai wajen 160. Burodi kuma a digiri 180 zuwa sama ake gasa shi. Ke nan bayan burodin zai yi kyakkyawan ja tun cikinsa bai san an kunna wuta ba. Mai gashi ya leƙa ya ga launi, zuciya ta yi fari, ya fitar, ya yanka, wuƙa ta fito da ɗanyen kwaɓi. Ya mayar, yanzu kuma waje ya zama gawayi. Sannan kusan kashi 17 cikin 100 na zuma ruwa ne, ga ta da janyo laima. In dafaffiyar kinuwa aka zuba, ita ma ta zo da nata ruwan, tunda ninki biyu na awonta take sha a tukunya. Kwaɓi ya caɓe, ya kama yatsu, ya kama tebur, ya kama wayar da ake duba umarnin a ciki. Me mai hankali zai yi? Ya ƙara gari. Ya sake ƙarawa. Kowane cokali yana ƙara wa abin nauyi. Mai hannun kyauta kuma, wanda ya tuttula zuma don yara su ci, ya jawo wata: zaƙi in ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin gari yana tsotse ruwan jikin yis ya sa shi kasala. Duk matakin da mutumin nan ya ɗauka mai ma'ana ne, kuma duk sun taru sun kai shi ƙasa.

Na san za a ce: to hotunan da muke gani fa? Ga burodin kinuwa da zuma nan ya tashi ɓul-ɓul, an yanka, ga 'yan ƙwayoyi suna ƙyalli a ciki. Gaskiya ne, kuma yana da daɗi. Amma a karanta jerin kayan haɗin a tsanake. Za a tarar fulawar alkama kofi uku ko fiye, kinuwa kofi ɗaya ko ƙasa da haka, zuma cokali biyu ko uku. Alkama ta yi dakon kaya, kinuwa ta hau sama ta zauna, aka sa wa motar sunanta. Mu a Najeriya bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. A zamanin Obasanjo gwamnati ta nemi a riƙa sa garin rogo kashi 10 cikin 100 a fulawar burodi, zamanin Jonathan aka sake tayar da maganar har shugaban ƙasa ya ci burodin rogo a gaban 'yan jarida. Duk ƙarfin gwamnati, da ministoci da masana, ba wanda ya yi gangancin cewa a cire alkama gaba ɗaya. Abin da fadar shugaban ƙasa ba ta iya ba shi ake so uwargida ta yi da la'asar, da obin ɗin da wuta ke iya ɗaukewa a tsakiyar aiki.

Akwai masu magana ta biyu, kuma su ba na yi musu dariya. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya yana da cutar siliyak, wadda gulutin ke lalata wa hanji, kuma a wurinsu burodi marar alkama larura ce. Ana yin sa, yana kuma ciyuwa. Sai dai wanda ya duba yadda ake yin sa zai ga hujjata ce aka ƙara wa ƙarfi. Sai an ɗauko ma'aikatan haya su riƙe aikin da alkama ke yi ita kaɗai: ƙwai, sitacin rogo ko na dankali, wani gari mai yauƙi da ake kira zantan, ko ɓawon irin siliyum da ke kumbura ya yi danƙo in ya sha ruwa. Ba a kuma murza shi. Ƙullu ne mai kauri, a zuba a gwangwani a lallaɓa. Wanda aka ba umarni mai cewa ya cire fulawa ya sa garin kinuwa a madadinta, ba tare da an ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, marubucin umarnin ya kamata a nema.

Saura masu cewa ko bai tashi ba ai lafiya ake nema. To a yi lissafi. Furotin ɗin kinuwa wajen kashi 14 cikin 100 ne, na fulawar burodi kuma 11 zuwa 13, tazarar ba ta kai a yi asarar yini ba. Fifikonta na gaskiya wani sinadari ne, laisin, wanda alkama ke da ƙarancinsa. Wake kuwa cike yake da shi. Ashe ɗan makarantar da ke tsaga burodi ya cusa ƙosai a bakin titi ya riga mu warware matsalar, bai kuma wanke rariya ba.

Wanda duk da haka ransa ke so, kuma ba laifi ya so, ga abin da zan ce masa. Ka bar alkama ta riƙe kashi uku cikin huɗu. Ka ɗauraye kinuwar a cikin kyalle mai tsabta, ka dafa, ka bari ta huce ta tsane sarai, don zafin da ya kai digiri 60 kashe yis yake. Zuma cokali biyu ta isa, ka rage ruwan kwaɓi, ka sassauta wuta da kamar digiri 15, in sama ya yi ja da wuri ka rufe shi da takardar gashi. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ba ko ɗan gutsure, domin gashi ba ya kashe ƙwayar cutar da zuma kan ɗauko, wadda hanjin jarirai bai iya da ita ba. In kuwa wannan rubutu ya iske ka a makare, abin ya riga ya fito yana zaune a tire, ka nemo wuƙa mai kaifi ka yanka shi siriri, ka gasa a kasko, ka haɗa shayi mai zafi sosai, tsofaffi masu haƙorin roba kuma a ba su uzuri.