Sambarka da Dokar Rufin Asiri

Jama'ar Maiduguri, ku zo mu yi godiya. Tun watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan 'yan ƙasa, aka kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, aka damƙa ta a hannun Dakta Vincent Olatunji. Asirin talaka ya rufu ke nan, sai barci da minshari!

Wa ya kai mutumin Borno cancantar wannan gata? Da Boko Haram ta koro shi daga Bama ko Gwoza, a sansanin Bakassi ko Dalori sai da ya dangwala yatsa kafin a auna masa hatsi. Madalla da wannan yarda tasa, domin babu mai amincewa da zuciya ɗaya kamar wanda ya kwana da yunwa. Daga Disambar 2020 aka ce ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ko a toshe, ya bi layi cikin rana ya haɗa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ya sake ba da suna da lambar waya don neman tallafi. An rufe sansanonin, amma ina rajistar ta kwana, a hannun wa take? Kada ya wahalar da kansa da tambaya, manya sun ɗauke masa wannan nauyi.

Batun yin komai a fili kuwa, nan muka ciri tuta. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wani shafin intanet mai suna AnyVerify yana sayar da bayanan NIN da BVN a kan naira 100, har ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Bosun Tijani. Ina adalcin da ya wuce wannan? Minista da mai tura baro a Kasuwar Monday farashinsu ɗaya, kuma ko kuɗin Keke Napep bai kai ba. Hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta ce ba a kutsa rumbunta ba. Mun gode da bayani. Ashe tulun lafiyarsa ƙalau, ruwan ne kawai ya ga dama ya fito shan iska.

A yaba wa dokar kuma kan zafin nama. Ta ce idan bayanai suka zube, a sanar da hukuma cikin awa 72. Ta ci tarar bankin Fidelity sama da naira miliyan 555 a 2024. Sannan, don ladabi, ta sassauta wa hukumomi idan suka ambaci tsaron ƙasa. A jihar da aka katse wa layukan waya a 2013 da sunan tsaro, me ya rage da wannan kalma ba za ta rufe ba?

Yabon ya isa haka. Gwamnati ce ta fi kowa tara bayanan jama'a, don haka ita ya kamata a fara titsiyewa. NDPC ta wallafa sakamakon kowane bincike da ta yi kan hukumomin gwamnati, da sunan mai laifi da hukuncinsa. Gwamnatin Borno da ƙungiyoyin agaji su faɗa wa mutane, da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, inda hoton yatsunsu yake da ranar da za a goge shi. Dokar da ke cin tarar banki amma take kawar da kai daga masu mulki ba ta kare talaka ba tukuna.