Jijiyarka Ba Tiyo Ba Ce, Malam

Ka ce jijiyar jini ai tiyo ce kawai, jini ya shiga ta nan ya ɓulla ta can? Sannu da ƙoƙari, injiniya. Da haka ne, da tuni masu gyaran famfo sun ƙwace ɗakin tiyata daga hannun likitoci.

Gyara zama ka ji. Cikin kowace jijiyar jini, daga babbar da ta baro zuciya har siririyar da ido ba ya gani, akwai shimfiɗa mai rai, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak. Likitoci na kiranta endoteliyam. A fuskarta kuma akwai wani yauƙi na sukari da furotin da ya lulluɓe ta. Ita ke tsare ruwan jini kada ya tsiyaye, ita ke hana jini yin guda inda bai kamata ba, ita ke ba jijiya umarnin ta saki jiki. Wannan aiki na ƙarshe Robert Furchgott ne ya gano shi a 1980, a jijiyar zomo, har ya kai shi ga kyautar Nobel a 1998. Zomo fa! Kai da shi sai a tukunya.

To, sai sefsis ya zo. Cuta ta shiga ta huhu, ko ta miki, ko bayan haihuwa, garkuwar jiki ta tashi faɗa, ta wuce gona da iri har ta koma dukan 'yan gida. Yauƙin nan ya kakkaɓe, ƙwayoyin shimfiɗar su saki juna, ruwa ya zurare cikin tsoka da huhu. Jiki ya kumbura, awon jini ya faɗi, ƙananan gudaji su toshe siraran hanyoyi, ƙoda ta ajiye aiki. Ka ce ai abin bai cika faruwa ba? A 2017 an ƙiyasta ya kama mutum kusan miliyan 49, ya tafi da miliyan 11. Kusan ɗaya ke nan cikin kowace mutuwa biyar a duniya.

"To a yi masa ƙarin ruwa mana!"

Yauwa, dama nan nake jiranka. Mu da ƙarin ruwa sai Allah. Mutum ya je asibiti ba a rataya masa leda ba, sai ya fito yana cewa likitan bai san aiki ba. Amma ka tuna, shimfiɗar ta riga ta yage. Ina kake zaton ruwan zai tsaya?

Ka ce surutuna ne? A 2011 aka fitar da sakamakon wani gwaji da Kathryn Maitland ta jagoranta a Uganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, fiye da rabinsu da na cizon sauro. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, kusan 11 cikin 100 suka rasu a awa 48. Waɗanda aka bar wa shi yana ɗiga a hankali, kusan 7. Su kansu masu binciken sun riƙe baki, don akasin haka suka zata. A 2017 kuma gwajin manya a Lusaka ta Zambiya ya nuna hanya ɗaya: kashi 48 cikin 100 suka rasu a ɓangaren ruwa mai yawa, kashi 33 a ɗayan.

"Ke nan ƙarin ruwa guba ne?" Kai, Malam! Daga wannan bango sai wancan? Mai amai da gudawa ruwa ke ceto shi, kuma ba a ma sa irinsa a gwajin yaran ba. Mai sefsis ma yana buƙatarsa, amma da awo, ana ba shi ana dubawa.

Ka ce to Turawa su haɗa maganin da zai liƙe shimfiɗar, a huta? Sun gwada, har da rawar kai. Kamfanin Eli Lilly ya fito da Xigris a 2001, mai tsadar tsiya, aka yi ta kirari. A 2011 babban gwaji ya nuna bai rage mutuwa ba, suka janye shi daga kasuwa. Sai aka koma kan bitamin C ta jijiya. A 2022 wani gwaji ya nuna waɗanda aka yi wa sun ma fi shan wuya. Lemon da ka fara ɓarewa, sha abinka, amma kada ka kira shi magani.

Har yau abin da ya fi kare shimfiɗar nan ba shi da kwarjini: a gane cutar da wuri, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da jinkiri ba, a fitar da mugunya in akwai, a tallafi awon jini da magani idan ruwa ya gaza. Zazzaɓi da numfashi sama-sama, ruɗewa, fitsari ya ɗauke? Asibiti, yanzu.

Ka ce bari dai a fara leƙa mai kemis na bakin layi, yana da leda mai ruwan ɗorawa? Wannan kalar bitamin ce, Alhaji, kuma sai ka biya kuɗinta daban.