Jifan da Ya Ƙi Faɗowa

A Kano musu ba ya buƙatar jari. Benci ɗaya da 'yar inuwa da mutum uku sun isa a kafa majalisa, in kuwa da mai shayi a kusa, to sai an kira Magariba. A layin 'yan rodi na kasuwar Ƙofar Ruwa, inda tireloli ke sauke ƙarfe 'yan dako na ta "hanya, hanya!", nan aka gurfanar da wata tsohuwar karin magana gaban kuliya: komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Wani dattijo mai shago ne ya jawo mata. Ya faɗe ta ne don ya lallashi wani mai gini da ya ji kuɗin rodi ɗan mili 12 ya dafe ƙirji. Bai rufe baki ba maƙwabcinsa mai siminti ya ce, "Alhaji, gyara dai, 'zai dawo' ake cewa." Alhaji ya ce dawowa ta ɗan cirani ce, dutse faɗowa yake yi. Wani ya tsoma baki da "zai sauka", aka ce masa dutse ba fasinjan tasha ba ne.

Ana cikin haka sai ga wani matashin injiniya, tef ɗin awo maƙale a ƙugu. Ya ɗauki guntun rodi ya zana baka a ƙasa. "Baba, duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Nisa a kwance yake, faɗowa kuwa daga sama take. 'Komai tashin jifa' ya kamata a ce. Kuma mai son jifansa ya yi nisa sai ya karkata hannu digiri 45."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, kai da ka yi digiri ɗaya da ƙyar, yau kai ke raba wa dutse arba'in da biyar? Mun yi jifan kanya da goriba tun ba a haifi malaminka ba."

Mai sayar da kwanon rufi ya ce shi da kalmar "ƙasa" yake rigima. A cikin birni, daga nan har gindin Dala, gidaje a cushe suke, yaro in ya saki dutse ba ya ganin ƙasa, kan kwanon maƙwabci yake ƙarewa. Ya ce yana da shaida, don da wannan jifan yake ciyar da iyalinsa.

Injiniya bai haƙura ba. Ya ce duk abin da aka harba da gudun da ya wuce kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya ya yi sallama da duniya. Ya kawo Voyager 1, kumbon da Amurka ta harba a 1977, wanda yanzu ya wuce kilomita biliyan 20 daga nan, kuma ba shi da niyyar juyowa. Majalisa ta yi tsit. Alhaji ya ɓantari goro, ya tauna a tsanake, ya ce, "An tashi duniya ne? A jira shi mana. Masu karin magana ba su sa rana ba."

Da irin wannan amsar Bahaushe bai taɓa faɗuwa musu ba: in hujja ta ƙare masa, sai ya ɗaga shari'a zuwa ranar da babu mai halarta.

Duk wannan bidiri mai gini na tsaye da takardar lissafinsa, an manta da shi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ranku ya daɗe, ni jifan da nake jira ya faɗo farashi ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuka cilla shi. In dala ta hau da hantsi, kafin Azahar kun ƙara kuɗi. In ta sauko, sai ku ce tsohon kaya ne, da tsada kuka saro."

Nan take 'yan "faɗo" da 'yan "dawo" da ɗan "sauka" suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Mai siminti ya tuna bai yi alwala ba, mai kwano ya shiga amsa wayar da ba ta yi ƙara ba. Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Malam, waccan karin magana ce, wannan kuwa kasuwa. Guda nawa za a ɗora maka?"