Masu Zuga Tsohuwar Kwamfuta a Douala

Kwantenonin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Douala ba motoci da firji kaɗai suke kawowa ba. Har da tsofaffin kwamfutocin ofis, irin su Dell OptiPlex da HP, waɗanda suka gama lissafin albashi a Turai, aka jibge su a shagunan Akwa. Samarin New Bell da na Youpwé kan saye su da wata niyya dabam: su mayar da su PlayStation 2. Na'urar ta fito tun 2000, gudun ƙwaƙwalwarta bai wuce megahaz 295 ba, amma kafin manhajar kwaikwayo irin PCSX2 ta yi aikinta, sai kwamfuta ta riƙa fassara kowane umarni zuwa nata harshen nan take, abin da ke cin ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Daga nan aka shiga ƙara kaya da ƙure gudu, kowa da irin tasa.

Na farko shi ne Sarkin Salatif. Kwamfutarsa tana ɗauke da Core 2 Quad Q6600, 'yar 2007, mai gudun gigahaz 2.4. Ya ji labarin cewa in aka liƙe wani ɗigo guda a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar da salatif, babban allo zai ruɗe ya tura ta zuwa gigahaz 3. Abin mamaki, gaskiya ne. Tun ranar da dabarar ta ci, ba ya rabuwa da reza da salatif a aljihu, kuma duk wanda ya kawo masa kuka, ko da lasifika ce ta daina magana, maganin ɗaya ne. Matsalarsa ita ce sababbin fitowar PCSX2 suna neman wasu umarnai da ake kira SSE4.1, waɗanda tsohuwarsa ba ta san da su ba. Don haka ya tsaya a kan fitowar 1.6 ta 2020, yana gaya wa yara cewa ta dā ta fi albarka.

Na biyu, Mai Ƙwanƙwasa Bango. Tasa ta fi sabunta, Core i5-3470 ce ta 2012. Kowane dare sai ya danna F2 ya shiga BIOS, yana neman wurin ƙara gudu. Babu shi. Kwamfutar ofis kulle take, kuma a wajen Intel sai ƙwaƙwalwa mai harafin K a ƙarshe, kamar 2500K, tare da allon da ya dace, ake sakar wa linzami. An gaya masa a Akwa, an maimaita masa a shagon mai gyara, amma ya tabbata akwai wani maɓalli da Turawa suka ɓoye.

Sai Alhajin Katin Hoto. Shi kuɗi ne amsarsa. Zai hau bensikin, wato babur ɗin haya, ya dawo rungume da kati mai fanka biyu, ya tarar akwatin kwamfutarsa siriri ne, katin ko shiga ba ya yi. Akwatin wutar ciki kuma wat 240 ne, ba shi da wayar da katin ke nema. Mai gyara zai ce, “Alhaji, ai da ka ɗauki ƙaramin GT 1030, wat 30 kawai yake ci.” Alhaji zai ce shi ba ya sayen abin yara. Ƙarshenta a yanke gefen akwatin, a ɗora wani akwatin wuta a kan tebur, wayoyi ko'ina. Hoto ya yi tas, ana ganin gashin gemun jarumi ɗaya-ɗaya, amma wasan na nan yana jan ƙafa, domin nauyin kwaikwayo yawanci a kan ƙwaƙwalwa yake, ba a kan kati ba.

Mai Fanka ɗan Youpwé ne, kuma shi kam yana da uzuri. Douala gari ne na zafi da laima, ruwan sama ya kan haura milimita 3,500 a shekara, unguwarsu kuma a bakin ruwa take, inda kwale-kwale ke sauke kifi, iskar gishiri na cin ƙarfe, hayaƙin gashi na bin tagogi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wato duk abin da aka ƙure ya koma inda yake. Maganinsa shi ne ya cire murfi ya kafa wa injin fankar tsaye ta gidan. Da man sanyaya na kan ƙwaƙwalwa ya bushe, ya taɓa shafa man goge baki, ya yi kwana biyu yana alfahari kafin ya bushe ƙamas. Daga tsakar gida ake jiyo muryar mahaifiyarsa: “Kai, dawo mini da fankata!” Shi kuwa: “Inna, saura zagaye ɗaya.”

Akwai Mai Ƙidaya, wanda ba a taɓa ganin ya gama wasa ba. Idonsa na kan lambar da ke kusurwar allo. In ta nuna 60 ya yi murmushi, in ta sauka 57 ya kashe ya koma saiti. Babban abokin gabarsa shi ne wanda ya gano cewa wasannin da aka buga wa Turai, masu tsarin PAL, hoto 50 suke nema a daƙiƙa, ba 60 irin na Amurka da Japan ba, don haka sun fi sauƙi ga inji mai rauni. Mai Ƙidaya ya ce wannan ha'inci ne. God of War II ya shekara a kwamfutarsa, bai wuce fagen farko ba.

Mai Jiran Wuta kuwa ba shi da kwamfuta, manet, wato abin sarrafa wasa na hannu, kawai ya saya. In ana cin sa uku da nema, sai ya fara kallon ƙwan fitila yana addu'a a ɓoye. Da an ɗauke wuta zai miƙe ya ce wasa bai ƙare ba, ba a ci kowa ba. Ranar da mai ɗakin da suke wasa ya nuna masa cewa manhajar tana iya ajiye wasa a daidai daƙiƙar da ake, ya ce wannan bidi'a ce.

Na ƙarshe shi ne Ɗan Eto'o. Wasa ɗaya ya sani a duniya, PES 6 na 2006, ƙungiya ɗaya, Barcelona, ɗan wasa ɗaya, Samuel Eto'o, wanda ya tashi a nan New Bell. Ko mai tsaron gida ne ya kama ƙwallo, Eto'o zai nema. Saboda wannan wasan ya ƙara ram, ya sa SSD, ya biya Sarkin Salatif, ya ari fanka. Wata rana ƙanensa, wanda ke buga nasa wasannin a wayar Tecno da manhajar PPSSPP ba tare da ya kwance ko ƙusa ɗaya ba, ya ce masa, “Yaya, ka san kuwa PES 6 ya fito a kan Windows tun a shekarar? Kwamfutarka za ta ɗauke shi yadda take, ba sai da kwaikwayo ba.” Ɗan Eto'o ya dube shi, ya dubi tarin wayoyin da ke kan tebur, ya ce Eto'on Windows ba ya gudu kamar na PlayStation, sannan ya aike shi sayo salatif.