A Gaishe da Gwanayen Bakin Ruwa

An daɗe ana tauye wa mutanen tashar jirgin ruwa haƙƙinsu. Duk ranar da kwale-kwale ya kife, sai ka ji ana cewa igiyar ruwa ce, ko iska, ko kututture. A kwashe aikin ɗungurungum a ba wa kogi, alhali kogi ƙarashe kawai ya yi. Masu aikin na ainihi suna nan tsaye a gaɓa, ƙafarsu a tudu, ko sunansu ba a ambata. Tun kafin a tayar da inji suka gama nasu. To yau a ba su yabonsu.

Sannu da aiki, mai lodi, ɗan kamasho, gwani na gwanaye! Kafinta ya ƙera jirgi na mutum 80, kai ka gano cewa kafinta bai iya lissafi ba. Tun hantsi kake shelar "saura mutum ɗaya", har la'asar mutum ɗayan nan bai cika ba. "Hajiya, ɗan matsa. Malam, ɗora yaron nan a cinya. Yara ai ba lodi ba ne." Wa ya kai ka tausayin talaka? Ba ka taɓa barin kowa a gaɓa ba, muddin da kuɗin fito a hannunsa.

Masu ƙera jirgi suna barin tazara tsakanin fuskar ruwa da bakin katako. Tazarar nan ita ke tare igiyar ruwa idan ta taso, ita kuma ke ba jirgi damar ya karkata ya dawo daidai. Kai da basirarka ka ga asara ce, wurin zama ne da ba a karɓi kuɗinsa ba. Sai ka yi ta zuba kaya da mutane har fasinja ya iya yin alwala daga inda yake zaune ba tare da ya sunkuya ba. Tsofaffin matuƙa kan ce kaya masu nauyi a ƙasa suke zama, a tsakiya, a raba su daidai hagu da dama, domin idan nauyi ya hau sama ƙaramin motsi ya isa ya juya jirgi. Kai ka wuce wannan tsohon yayi. Buhunan masara a ƙasa, babura a kansu, awaki a gefe, sannan mutane a can ƙololuwa suna shan iska. Ɓarakar da ke jikin katako kuwa, ai ga yaro da ƙwarya yana kwashe ruwan, me za a ɓata rana wajen gyara?

Aikinka ya bar tarihi. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ya taso daga jihar Neja zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Hukumomin yankin suka ce na mutum 80 ne. Ya ɗauko fiye da 150, ga babura, ga buhunan ƙasa daga wurin haƙar zinare. A tsakiyar ruwa ya tsage. Kimanin mutum 20 aka tsamo da rai. Abin burgewa a sana'arka shi ne, kai da ka tsara lodin ba ka shiga. Ka karɓi kamashonka, ka tura jirgi da ƙafa, ka koma inuwa jiran na gaba.

Amma kada mai lodi ya cinye yabon shi kaɗai, domin ba da bulala yake shigar da kowa ba. A gaishe ka, ɗan'uwa fasinja, jarumi. Jirgi bai gama tsayawa ba ka daka tsalle ka faɗa, waɗanda za su sauka su san yadda za su yi. Tsohuwa da tsumma a kai ta jira. Ka gicciye babur ɗinka a kan 'yar hanyar da kowa ke bi zuwa ruwa, ka tafi cinikin kifi. Ka ajiye jarkar fetur kusa da mai shan taba. A tsakiyar kogi waya ta yi ƙara, ka miƙe tsaye kana laluben aljihu, jirgi na rawa, mata na salati, kai kana "ina ji, ina ji". Ranar da ruwa ya fara shigowa ta gefe guda, ku duka kuka ruga ɗaya gefen a lokaci guda, kuka taya shi kifewa. Haɗin kai ke nan.

Jarumtarka ta fi fitowa wajen rigar kariya. Ta cika zafi, ta yi dauɗa, za ta ɓata maka guga. Ban da haka, kai ɗan bakin ruwa ne, tun kana yaro kake iyo. Madalla. Sai dai iyon da ka koya kai kaɗai ka yi shi, da rana, da ɗan kamfai, kusa da gaɓa. Ba ka taɓa yin sa da babbar riga jiƙe sharkaf ba, a cikin duhu, mutum huɗu da ba su iya ruwa ba sun riƙe maka wuya da ƙafa. Gwanayen iyo da yawa a haka suka tafi. Idan kuma aka sami wani da ya dubi lodin ya ce shi dai a sauke shi, kai ne kan gaba wajen yi masa dariya: "Matsoraci! Ka fi mu son rai ne?" Ka yi wa al'umma babban aiki a nan, domin da yawa da suka so sauka kunyar bakinka ce ta zaunar da su.

Sai Alhaji, ranka ya daɗe. An ce jirgi zai tashi bayan azahar, amma ina za a tashi babban mutum bai gama sallama da jama'a ba? A jira. Rana ta yi sanyi, ta yi ja, ta faɗi. Ka iso da tawagarka da kayanka, aka ƙara matsawa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar ruwa daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Wannan doka ai ta ƙananan mutane ce. Ku da matuƙinku kun san kogi kamar tafin hannu, ga kuma tocilar waya. Tafkin Kainji, tun da aka datse Kogin Neja a 1968, ya shanye gonaki da garuruwa da dazuzzuka, kuma har yau akwai itatuwa tsaye a ƙarƙashinsa. Da damina ruwa ya rufe su, ya kuma kwaso wasu gungume daga sama. Da rana matuƙi yakan ga alamarsu a fuskar ruwa ya kauce. Da dare sai dai ya ji su a jikin katako. Masuntan da za su kawo ɗauki kuwa sun daɗe da yin barci.

A watan Yunin 2023, 'yan biki suna dawowa daga ƙauyen Egboti na jihar Neja zuwa yankin Patigi a jihar Kwara, cikin tsakar dare, jirginsu ya kife. Fiye da mutum 100 suka rasu, daga ƙauyuka 'yan kaɗan, gida guda a fitar da gawa biyu, uku. Ranar 1 ga Oktoba, 2024, wani jirgi ɗauke da kusan mutum 300, yawancinsu mata da yara, ya kife da dare a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa a hidimar Mauludi. Masu cewa "a ɗan jira" da masu cewa "mu tafi haka, ai kusa ne" duk suna da kaso a wannan lada.

Akwai wurin da bakina ke nauyi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, aka zuba ɗaliban Islamiyya a jirgi daga Badau za a tsallaka dam ɗin Watari zuwa Bagwai a jihar Kano, za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara. Yaro ba ya ƙirga fasinja, ba ya duba katako, ba ya musu da babba. An ce masa shiga, ya shiga, da sabon ɗinkinsa. Manya ne suka tsaya suna kallo jirgi na cika yana sauka cikin ruwa, kowa na jiran wani ya fara magana. Wannan kawaici namu da muke alfahari da shi, a ranar ya yi aikinsa cikakke.

Daga nan sai masana ƙaddara su karɓa, Allah ya ƙara musu ilimi. "Kwanansu ne ya ƙare. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Da jimla biyu an wanke mai lodi, an wanke matuƙi, an wanke Alhaji, duk mai tambaya kuma ya zama mai raunin imani. Ban ga fatawar da ta kai wannan sauƙi ba. Kowane Musulmi ya yi imani da ƙaddara, kuma kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin mutumin da Manzon Allah (SAW) ya umarta da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Akwai ma hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru a cikin Bukhari, wanda misalinsa da jirgin ruwa aka buga shi: mutanen ƙasan jirgi suka so huda wajensu don su ɗebi ruwa, idan na sama suka ƙyale su duka za su halaka, idan suka riƙe hannunsu duka za su tsira. Masanan namu suna karanta shi a kan mumbari, su fassara shi da kyau, su zo tasha su zauna a kan buhu na uku ba su riƙe hannun kowa ba. Su ne kuma ke kulle shago da kwaɗo biyu idan dare ya yi, ba su bar wa ƙaddara gadin kayansu ba.

Hukuma ma ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Doka tana nan a rubuce, ta lodi, ta rigar kariya, ta tafiyar dare, ba abin da aka manta. A tasha kuwa mai karɓar haraji ba ya fashi, rasit ɗinsa a hannu, idonsa a kan kuɗi, ya juya wa jirgi baya don kada ya ga abin da zai ɓata masa rai. Yana da lissafin kowane buhu, amma littafin rubuta sunan fasinja ya yi tsada. Shi ya sa bayan kowane hatsari sai a yi ta "kimanin" da "fiye da", Sarkin Ruwa da yaransa su kwana uku suna nutso ba su san mutum nawa suke nema ba, sai an bi gida gida ana tambayar wa bai dawo ba. Ƙauyukan da ke roƙon gada ko hanyar mota shekara da shekaru, waɗanda ba su da wata mafita zuwa kasuwa da asibiti sai wannan katako, an ba su haƙuri, kuma haƙuri ai ba ƙaramar kyauta ba ce.

Ranar ta'aziyya kuwa sai wanda ya gani. Jerin gwanon motoci, jiniya, buhunan shinkafa, masu ɗaukar hoto. Mai girma ya nuna alhini, ya kafa kwamiti, ya ba da umarni cewa daga yau babu lodi, babu tafiyar dare, kowa sai da riga. Aka shafa fatiha a gurguje, tawaga ta kama hanya tun da sauran rana, domin jami'an tsaronsa ba su yarda ya yi tafiyar dare ba.