Allon da ya san ɗan takara, bai san hanya ba

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi kula da allunan talla, a sahu ɗaya da shaguna, gidajen burodi da wuraren wanki. Wato a takarda, duk allon tallan da ke bakin hanyar Mubi zuwa Vimtim yana da uban gida a Mubi ta Arewa. Legas ma ta ga abin da maiƙo, ta kafa masa hukuma guda, LASAA, a 2006. To amma me allunan ke gaya wa baƙo? Ga ɗan takara, hula a karkace, rana ta koɗe masa murmushi, har yau yana roƙon ƙuri'ar zaɓen da aka gama ƙirgawa. Ga mai maganin basir, lambarsa ɓaro-ɓaro. Saura kilomita nawa kuwa, sai ka tsaya ka tambayi ɗan bumburutu, shi kuma ya ce "nan ne kusa", amsar da ta dace da kowane gari a duniya.

Za a ce alamar hanya aikin ma'aikatar ayyuka ne, babu ruwan mai talla. Haka ne, sai dai mai talla biya yake yi, kilomita kuwa ba ta taɓa yankar rasit ba, shi ya sa babu mai zuwa duba lafiyarta. Wani zai ce, wane ne bai san Vimtim ba, garin marigayi Alex Badeh? Sunan dai kowa ya ji. Direban da ya taso daga Kano da dare, mararraba yake nema, fitilarsa kuma ta hasko masa mai basir.