Dattijon da Ya Fi Kowa Kuzari da Asuba

Na'urar auna motsi, wadda masu binciken lafiya suke ɗaura wa mutane a ƙugu ko a wuyan hannu, ba ta san tafiya ba, ba ta kuma san gudu ba. Abin da take adanawa shi ne girgizar da ta same ta, galibi ta fuskoki uku, sai daga baya kwamfuta ta karkasa girgizar zuwa zama, da motsi matsakaici, da motsi mai tsanani. Babban binciken lafiya na Amurka, NHANES, ya ɗaura ta a ƙugu daga 2003 zuwa 2006, sannan ya mayar da ita wuyan hannu a 2011 saboda mutane sun fi jure ta a can, shi kuwa UK Biobank na Birtaniya ya aika ta ta gidan waya ga mutum kimanin 100,000 tsakanin 2013 da 2015, kowa ya ɗaura kwana bakwai. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a karɓi bayanan wanda ya ɗaura aƙalla awa 10 a rana har kwana huɗu, amma ƙa'idar ba ta ce komai a kan hannun wa aka ɗaura ba.

Wannan giɓi ne ya rufta da wani mai bincike, wanda ya raba na'urorin ga tsofaffin wata unguwa, ya kuma tarar a cikin bayanan cewa wani dattijo yana motsi mai tsanani kullum bayan sallar asuba, a kan tsari guda, babu fashi. Ma'aunin ɗumi da ke cikin na'urar ya tabbatar da cewa tana jikin mai rai, saboda haka mai binciken ya gayyaci dattijon zuwa taron gabatar da sakamako, ya haska zanen motsinsa a majigi gaban manyan malamai, ya kira shi abin koyi ga tsaransa, sannan ya roƙe shi ya tashi a tafa masa.

Tashin ya ɗauki lokaci. Sai da dattijon ya lalubi sandarsa, ya dafa kafaɗar jikansa, ya yi bismilla, ya miƙe rabi, ya huta, duk wannan kuwa zanen yana bayansa da tsaunukansa na asuba, mai binciken kuma yana riƙe da lasifika yana ci gaba da tafin da kowa ya riga ya daina. Da aka tambaye shi sirrin wannan kuzari, sai ya dubi mai binciken ya ce: "Ɗana, ai kayan hukuma ne, na ji tsoron ruwan alwala ya ɓata shi, sai na ba uwargida ta ɗaura, ita ba ta yar da kaya." Uwargidan fura take sayarwa, kuma da asuba take daka. Wani malami a sahun gaba ya nemi a koma kan zanen, ya nuna ɗan kwarin da ke tsakanin tsaunuka biyu, ya bayyana cikin natsuwa cewa nan ne aka gama surfe aka tsaya bakace. Mai binciken bai ajiye lasifikar ba, domin bai ga inda zai ajiye ta ba.

Masinjan sashen, wanda ya shigo da lemo ya tsaya kallo, shi ne ya kawo mafita, kuma ya kawo ta da ƙarfi yadda na baya za su ji. Da farko ya ce: "Yallaɓai, a goge Malam a rubuta Hajiya, ai gida ɗaya ne." Da aka nuna masa cewa shekaru da nauyi da hawan jinin da ke takardar duk na mijin ne, sai ya ba da shawarar a ɗaura na'urar a jikin taɓaryar kanta, tunda ita ba ta alwala kuma ba ta da mata. Daga nan ya yi shiru kamar mai lissafi, ya ce idan dai so ake zanen ya zama gaskiya ba tare da an taɓa kwamfuta ba, to a roƙi Baba ya riƙa dakan da kansa na mako guda. Dattijon ya tambaya ko za a biya.